Wa Ke Taɓa Wasiƙun Gwiwa?

A ofishinmu na sayen riɗi a Kazaure, ni ke karɓar rahoton wakilai ta imel duk Alhamis. Na Babura da na Roni su iso lafiya lau. Na Gwiwa kuwa sai ya zo da *SPAM* manne a gaban take, kamar an buga masa hatimin zargi. Har maigida ya fara cewa yaron nan, wakilin Gwiwa, raina mu yake.

Na kira shi. "Wallahi Yaya, ban san kalmar ba ma," in ji shi. Ya turo hoton akwatin saƙonnin da ya aika: taken tsaf, babu tauraro ko ɗaya. Ke nan a hanya ake ƙarin.

Sai na zargi kwamfutar shagon da yake zuwa. Na ce ya aiko ta wayarsa. Hatimin ya sake biyo shi.

Ranar Asabar na zauna na buɗe cikakken bayanin da ke ɓoye a saman kowace wasiƙa, inda kowace na'urar da ta ratsa ke barin sawunta. Can ƙasa na ga suna: SpamAssassin. Matata ce da Justin Mason ya fitar a 2001, tana zaune a sabar da ke karɓar wasiƙunmu. Tana auna kowace wasiƙa da ɗaruruwan ƙa'idoji, kowace da makinta, in jimilla ta kai 5 sai ta sauya take, idan an saita ta haka. Tamu an saita.

Saura tambaya ɗaya: me ya tara masa maki? Matatar da kanta ta jera. Takensa duk da manyan baƙaƙe yake rubutawa. A ciki kuma Turanci ne, ga maganar gaggawa, ga miliyoyin kuɗi, ga roƙon a tura ta banki. Wannan shi ne kamannin wasiƙun 'yan 419, kuma matatar tana da ƙa'idoji musamman dominsu. Abin ya sosa mini rai: yaro mai amana yana neman kuɗin manoma, laifin wasu ya shafa masa kashin kaji. Wakilan Babura da Roni da Hausa suke rubutu, shi ya sa suka tsira.

Mai kula da sabar ya sa adireshinsa cikin amintattu. Alhamis ta gaba rahoton Gwiwa ya iso da takensa kaɗai, na kai wa maigida wayar ya gani da idonsa.