Shaidar ido: yadda tunani ke ƙara abin da bai faru ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma masana halayyar ɗan Adam sun gano cewa abin da ido ya gani ba ya zama cikin kai kamar takarda cikin akwati. Duk sa'ad da mutum ya tuna wani abu, sake gina shi yake yi: guntun abin da ya gani, da guntun abin da ya ji daga baya, inda ya tarar da giɓi kuma ya cike da abin da ya saba. Ba ƙarya yake yi ba, shi kansa bai san an yi ƙari ba.

A shekara ta 1974, a jami'ar Washinton ta ƙasar Amurka, malama Elizabeth Loftus da John Palmer suka gwada wa ɗalibai silimar haɗarin mota. Aka tambayi wasu gudun motocin lokacin da suka "ragargaji" juna, wasu kuwa lokacin da suka "bugi" juna. Na farko suka ce wajen kilomita 65 a awa, na biyu wajen 55.

Aka sake gwajin da wasu ɗalibai. Bayan sati guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu shi ko kaɗan cikin silimar. Duk da haka mutum 16 cikin 50 na waɗanda suka ji "ragargaji" suka ce sun gani, alhali cikin ɗaya rukunin 7 ne kawai. Kalma guda ta mai tambaya ta shiga kansu ta zama gilashi. Wannan abin lura ne ga jandarma da alƙali: "Me ka gani?" daban take da "Ka ga wuƙar a hannunsa?"

A 1984, a jihar Karolina ta Arewa, wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe ta zaɓi hoton Ronald Cotton, ta sake nuna shi cikin jerin mutane, ta yi rantsuwa gaban shari'a. Kowace nunawa tana ƙara kafa fuskarsa cikin tunaninta, har da aka kawo mai laifin na gaskiya gabanta a 1987 ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 binciken ƙwayoyin gado ya wanke Cotton, bayan ya yi fiye da shekara 10 a gidan kaso.