Yini Guda a Ƙauyen Downe: Jirgi, Bas da Aikin Tana

Ɗalibin da ya je Landan karatu yakan shafe watanni bai san komai a Ingila ba sai hanyar da ke tsakanin ɗakin kwanansa da ɗakin gwaje-gwaje. Guzuri kaɗan ne, mota babu, garin kuma duk inda aka juya gini ne da kwalta. To amma idan ɗalibin kimiyyar halittu ne, akwai wata tafiya ta yini guda da bai kamata ya komo gida bai yi ta ba, ga shi ba ta cin komai sai kuɗin jirgin ƙasa da na bas da na shiga ƙofa. Wannan ita ce tafiya zuwa ƙauyen Downe, kimanin mil 16 kudu maso gabas da tsakiyar birnin, inda Charles Darwin ya zauna da iyalinsa tun daga 1842 har zuwa mutuwarsa a 1882.

Hanyar ba ta da wuya. Daga tashar Victoria ɗalibi zai hau jirgin ƙasa zuwa Bromley South, tafiyar kamar minti 20. A nan sai ya nemi bas mai lamba 146. Wannan bas ba ta yawan zirga-zirga irin na cikin gari, saboda haka wanda ya sauka bai duba lokacin komawarta ba, ya shirya doguwar tsayuwa cikin sanyi. Da an wuce Keston gidaje sukan ragu, hanya ta tsuke, filayen kiwo su bayyana. Tuddan da bas ɗin ke hawa alli ne a ƙarƙashinsu, irin wanda malamai suka saba rubutu da shi a allo. Allin nan kuwa ɓawon wasu ƙananan tsirrai ne na teku masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda suka yi ta mutuwa suna taruwa a ƙasan ruwa fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce. Watau tsohon gindin teku ne ɗalibin ke bi a mota.

Daga tsakiyar ƙauyen sai a taka da ƙafa 'yar tazara zuwa gidan, wanda ake kira Down House. Yawancin baƙi ɗakin karatun Darwin suke fara nema, domin a gidan ne ya rubuta On the Origin of Species, littafin da ya fito a 1859 wanda har yau ake muhawara a kansa. Amma abin da ya fi dacewa da ɗalibi yana waje, a cikin lambu, a gindin wata bishiya. Wani faffaɗan dutse ne mai kewaye, da rami a tsakiyarsa, kwance cikin ciyawa. Sunansa dutsen tana.

Tana dai (ba kalmar nan ta "tana zuwa" ba) ita ce doguwar tsutsar nan mai santsi da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan sama. Darwin ya fara sha'awarta a 1837, lokacin da kawunsa, Josiah Wedgwood, ya nuna masa wani fili da aka watsa wa farar ƙasa da gawayi shekarun baya, sai ga su sun nutse ƙarƙashin ciyawa alhali ba wanda ya yi huɗa a wurin. Kawun ya ce aikin tana ne. Darwin ya gabatar da maƙala a kan batun a shekarar, sa'an nan ya ci gaba da bibiyarsa har shekara 44, kafin ya fitar da littafinsa na ƙarshe a kai a 1881.

Yadda abin ke faruwa shi ne: tana takan haɗiye ƙasa tare da ruɓaɓɓen ganye yayin da take haƙa raminta. A cikinta akwai ƙundu, kamar na kaza, mai niƙa abin da ta ci. Abin da ya rage sai ta fito da shi bakin rami ta kasayar, ya zama 'yan curin laka a doron ƙasa. Ta haka ƙasar ciki ke hawowa sama kaɗan-kaɗan, tsofaffin ramuka kuma suna ruftawa, duk abin da ke kwance a sama sai ya riƙa yin ƙasa.

Faɗa ba wuya, aunawa ce aiki. A watan Disamba na 1842 Darwin ya sa aka watsa gutsattsarin alli a wani sashe na filin da ke kusa da gidan, ya bar shi. Bai sa an tona ba sai a ƙarshen Nuwamba na 1871, bayan shekara 29. Da aka haƙa kwari, sai ga farin layin alli a zurfin inci 7. Bayan ya cire kaurin ciyawar sama, lissafi ya ba shi inci 0.22 na sabuwar ƙasa a kowace shekara. Akwai kuma wani fili da 'ya'yansa suka sani cike da duwatsun ƙanƙara, irin waɗanda ake ƙyasta wuta da su. An daina nomansa a 1841, kuma bayan shekara 30 doki na iya sukuwa daga wannan gefe zuwa wancan kofatonsa bai taɓa dutse ba. Shi kuwa dutsen tana, ɗansa Horace ne ya ƙera masa ma'auni a 1877, da sandunan ƙarfe da aka kafa can cikin ƙasa ta ramin tsakiyar, aka ga dutsen yana nutsewa kamar milimita 2 a shekara. Daga irin waɗannan awo Darwin ya ƙiyasta cewa a wurare da dama na Ingila fiye da tan 10 na busasshiyar ƙasa ke bi ta cikin tana a kowace eka duk shekara.

Wasu gwaje-gwajen nasa sai su ba mai karatu dariya. Ya ajiye tana a tukwane cikin gida, aka busa musu usur, aka yi musu ihu, ɗansa Francis ya busa musu wata babbar sarewa mai kauri, ko gezau. Amma da aka ɗora tukunyar a kan fiyano aka danna, nan take suka shige rami. Ashe ba su da kunne, girgizar ƙasa suke ji. Ido ma babu, duk da haka gaban jikinsu yana gane haske. Ya kuma yanka takardu masu kusurwa uku ya watsa musu, ya ga mafi yawan lokaci ta tsinin suke jan su zuwa rami, wato ta inda za su fi saurin shiga.

Malamin sakandare da ke kukan rashin kayan aiki zai so ya ji sauran. A 1857 Darwin ya share wani ɗan wuri a lambun, tsawon ƙafa 3 faɗin ƙafa 2, yana kafa alama ga duk tsiron da ya fito. Tsiro 357 suka fito, 295 suka halaka, akasari a bakin ƙwari da dangin dodon-koɗi. Wata rana kuma ya ɗebo laka cokali 3 daga bakin wani kududdufi, ya ajiye a kofi wata 6, yana cire kowane tsiro yana ƙirgawa, har ya sami 537. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin makarantar da ke da fili da ruwa da littafin rubutu. Haƙurin ƙirgawa ne ke da tsada.

Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da yawancin abin da ya gani: ramukan tana suna shigar da iska da ruwa, kashinta kuma yana ɗauke da abincin da saiwa ke iya sha. Sai dai ba ko'ina take alheri ba. A dazuzzukan arewacin Amurka, inda ƙanƙarar zamanin da ta share tana tun dubban shekaru, irin da Turawa suka shigo da shi yana cinye shimfiɗar ganyen da ƙananan tsirrai ke dogara da ita. A ƙasashe masu dogon rani kuwa, inda fatar tana ba ta jure bushewa tun da ta nan take numfashi, gara ce ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Manoman yankin Tawa a Nijar da ke haƙa ramukan tassa suna zuba taki sun san wannan: gara takan zo cin takin, ta huda fako, ruwa ya sami hanyar shiga.

In da sauran lokaci, ɗalibi ya zaga 'yar hanyar nan ta cikin itatuwa da Darwin ke tafiya a kai kullum yana tunani. Amma ya riƙa duba agogo, musamman da hunturu, domin a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Bas ɗin komawa a tsakiyar ƙauye take tsayawa, kusa da cocin da aka binne matarsa Emma a harabarsa. Shi kansa Darwin ba ya nan. A Westminster Abbey aka binne shi, can cikin Landan, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar Victoria inda jirgin zai sauke ɗalibin.