Bala'i a Kan Tebur: Shin Ya Dace Ƙananan Jiragen Ƙasa Su Riƙa Nuna Ambaliya da Aman Wuta?

A cikin wani tsohon sito da ke unguwar Speicherstadt a birnin Hambug na ƙasar Jamus, dare yana yi duk bayan minti 15. Fitilun rufi su dushe, dubban ƙananan tagogi su haska, jiragen ƙasa masu tsawon hannu su ci gaba da ratsa duwatsu da gadoji. Cikin wannan duhu ake ganin dutsen Vesuvius yana aman wuta, jan narkakken dutse yana gangarowa, 'yan kallo kuma kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Gari na wayewa komai ya koma yadda yake, babu gidan da ya ƙone, babu wanda ya rasu.

Wannan wuri shi ne Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a shekarar 2001, kuma kundin Guinness ya tabbatar da shi a matsayin layin dogo na kwaikwayo mafi girma a duniya. Da wuya mai yawo a YouTube ko TikTok bai taɓa cin karo da bidiyonsa ba. Sai dai Vesuvius na gaske ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum da mutanen cikinsu a shekara ta 79 Miladiyya. To ya dace a mayar da irin wannan musiba abin da ake sayen tikiti a kalla?

Yadda ake ƙera bala'i

Yawancin irin waɗannan garuruwa ana gina su ne da ma'aunin da ake kira HO, wato 1:87. A wannan ma'auni, babban mutum bai fi santimita 2 ba. Jiragen suna karɓar wuta da umarni ta kan dogon da suke tafiya a kai, ta hanyar tsarin DCC: kowane kan jirgi yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa mai lamba, kwamfuta ta kira lambar ta ce masa ya tashi, ya rage gudu ko ya tsaya.

Da kayan da ake tafiyar da jirgin ake haɗa bala'in. Fitilun LED ja da ruwan lemo masu ƙiftawa su ne harshen wuta. Hayaƙi daga wata 'yar na'ura yake fitowa, wadda ke ɗumama wani mai har ya yi tururi. Ruwan ambaliya galibi rezin ne, wani ruwan roba da ake zubawa ya daskare ya yi kamar gilashi. Ƙaramin inji mai juyawa yana iya kwantar da gada ya sake tayar da ita, allon Arduino na 'yan kuɗi kaɗan kuma ya isa ya tsara lokacin da kowane abu zai faru. A Hambug ma sun wuce haka: sashen ƙasashen Sikandinebiya yana ɗauke da ruwa na gaske kimanin lita 30,000, yana cika yana janyewa kamar teku.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja zai gane abin da ke ƙarƙashin wannan duka: umarnin maimaitawa. Kunna wuta, jira, turo motar kashe gobara, kashe wuta, koma farko. Matsalar tana nan a wannan “koma farko”. A kan tebur, bala'i yana da maɓallin da ke goge shi. Wanda ruwa ya ci gidansa ba shi da irin wannan maɓalli.

Tsohuwar kasuwa ce

Sayar da kallon bala'i ya girmi intanet da fiye da ƙarni guda. Ranar 31 ga Mayu 1889 wata madatsar ruwa ta fashe a jihar Pennsylvania ta Amurka, ruwan ya shafe garin Johnstown, mutum 2,209 suka mutu. A bikin baje kolin da aka yi a Buffalo a 1901, an riga an gina rumfar da ake biya a shiga a kalli kwaikwayon wannan ambaliya. Haka aka yi da Galveston a jihar Texas, inda guguwar teku ta hallaka aƙalla mutum 6,000 a watan Satumba na 1900: a baje kolin St. Louis na 1904, shekara huɗu kacal bayan nan, ana nuna nutsewar garin da fitilu da injuna, ana maimaitawa ga kowane sabon rukunin 'yan kallo. Marayun Galveston a lokacin ko girma ba su gama yi ba.

Yau a Johnstown akwai gidan tarihi na ambaliyar, kuma shi ma yana da taswirar kwarin mai tudu da gangare, da fitilu masu nuna hanyar da ruwan ya bi. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne da na rumfar Buffalo. Amma taswirar gidan tarihin tana amsa tambayoyi: daga ina ruwan ya taso, me ya sa madatsar da aka yi sakaci da gyaranta ta fashe, su wa ya tarar a hanya. Mai kallo yana fita da ilimin da bai shigo da shi ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon baya suna cewa garin da babu gobara, babu hatsari, babu ruwan da ya yi ɓarna, garin ƙarya ne. Layin dogo tun asalinsa yana fama da yanayi. A daren 28 ga Disamba 1879 iska mai ƙarfi ta karya gadar kogin Tay a Sukotland, jirgi ya faɗa ruwa da duk fasinjojinsa, kuma binciken da ya biyo baya ya tilasta wa injiniyoyin Birtaniya su riƙa lissafa ƙarfin iska da gaske kafin su gina gada. Samfurin da ke nuna yadda wannan gada ta karye darasi ne da yaro zai fahimta cikin minti biyu. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu suka kuma suna duba wurin da ake nunin. Yawancin waɗannan nune-nune ana yin su ne a wuraren shaƙatawa, inda iyaye ke kai yara hutu. Wanda ya shigo don nishaɗi bai ba da izinin a tuna masa ranar da ya rasa mahaifiyarsa ba. Ƙanƙantar da abu kuma tana sa shi ya yi kyau a ido ko da mummuna ne. Gawa mai tsawon santimita 2 tana kama da kayan wasa, kuma 'yan kallo suna iya yin dariya kafin su tuna me suke kallo.

Akwai abin da kusan kowa ya yarda da shi: bala'in da ba na kowa ba ba ya cin rai. Kamfanin Faller na Jamus ya daɗe yana sayar da samfurin ofishin haraji da ke cin wuta, ana saye ana dariya, domin babu wani gari na gaske da aka nufa. Gobarar da 'yan kwana-kwana ke kashewa a Knuffingen, garin da Miniatur Wunderland ya ƙirƙira, ita ma haka take. Vesuvius kuwa kusan shekara 2,000 ne suka raba mai kallo da mutanen Pompeii, duk da cewa dutsen ya sake aman wuta a 1944, kuma har yau dubban ɗaruruwan mutane suna zaune a gindinsa.

Abin da Japan ta yi

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa arewa maso gabashin Japan, fiye da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Wani masanin zanen gine-gine na Jami'ar Kobe, Osamu Tsukihashi, ya haɗa ɗalibai daga jami'o'i daban-daban suka ƙera samfuran garuruwan da ruwa ya share, da ma'aunin 1:500. Ba su sa igiyar ruwa a ciki ba. Sun gina garuruwan ne yadda suke kafin ranar, farare fat, suka ɗauke su zuwa wurin waɗanda suka tsira. Mutanen gari suka riƙa shafa wa rufin gidajensu launin da suka sani, suna kafa ƙananan tutoci da ke ɗauke da abin da suka tuna: nan shagon wane, nan yara ke kamun kifi.

Wannan aiki ya nuna ma'aunin da ya fi amfani. Kafin a ce nuni ya dace ko bai dace ba, a tambaya: su wa aka nuna, an tuntuɓe su? Shekara nawa da faruwar abin? Akwai bayanin dalili da darasi, ko girgiza zuciya kawai ake nema? An sanar da mai shigowa tun daga ƙofa domin ya zaɓa?

Inda wayarka ta shigo

Ko nunin da ya cika duk waɗannan sharuɗɗa yana iya lalacewa cikin daƙiƙa 15. Allon bayani da ke gefen tebur ba ya shiga bidiyo. Abin da ke isowa wayar mutum shi ne gada tana karyewa, an ɗora mata waƙar barkwanci, tana maimaita kanta har sai an ja allo sama. Yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna haɗa irin wannan ƙaramin gari da ambaliyarsa ba tare da an taɓa ko katako ɗaya ba.

Mutanen Maiduguri da ruwan madatsar Alau ya raba da gidajensu a watan Satumba na 2024, da na Mokwa da suka binne 'yan'uwansu bayan ambaliyar Mayu 2025, suna cikin rukunonin WhatsApp ɗin da ake tura waɗannan bidiyoyi. Kafin ka danna turawa, ka duba sunayen da ke cikin rukunin.