Obamacare: A Soke Tukuna, Ko A Fara Kawo Madadi?

 Shirinmu na yau zai kai mu birnin Washington na Amurka, a yammacin Alhamis 27 ga watan Yuli, 2017. A wannan yammaci ne wasu sanatoci huɗu 'yan jam'iyyar Republican, wato Lindsey Graham da John McCain da Ron Johnson da Bill Cassidy, suka tara 'yan jarida suka faɗi maganar da ba kasafai ake jin irinta a bakin ɗan majalisa ba. Shugabanninsu na shirin kawo ƙudirin da zai yanke wasu sassa na dokar inshorar lafiya ta Barack Obama, wadda ake kira Obamacare, su kuwa suka ce ba za su ba shi ƙuri'a ba sai an tabbatar musu cewa ƙudirin ba zai zama doka ba. Ku ji da kyau: za su amince da shi, muddin ba zai zama doka ba. Graham ma bai ɓoye ba, ya kira shi yaudara. So suke kawai ya wuce, a samu hanyar zama da Majalisar Wakilai a rubuta wani abu daban, wanda a daren nan babu mai iya faɗin kamanninsa. Shafi takwas ne ƙudirin, kuma sai wajen ƙarfe goma na dare aka fito da shi. Can wajen ƙarfe ɗaya da rabi, McCain, wanda bai daɗe da samun labarin yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa ba, ga tabon tiyata a saman idonsa na hagu, ya tako gaban zauren ya miƙa hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. Shugaban masu rinjaye Mitch McConnell na tsaye kusa da shi, hannaye a harɗe. Da ƙuri'ar McCain da ta Susan Collins da ta Lisa Murkowski, ƙudirin ya faɗi, 49 da 51.

Yaya aka yi jam'iyyar da ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu ta tsinci kanta a wannan hali? A gurguje: Obama ya sa hannu a dokar ranar 23 ga Maris, 2010. Ta hana kamfanonin inshora korar mutum ko tsawwala masa kuɗi don yana da tsohon ciwo, ta wajabta wa kowa sayen inshora ko ya biya tara, ta ba masu ƙaramin ƙarfi tallafi, ta kuma faɗaɗa shirin Medicaid na marasa galihu. Marasa inshora suka ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 9 a 2016, mutum wajen miliyan 20 ke nan. 'Yan Republican kuma suka shekara bakwai suna rantsuwar za su soke ta su kawo wadda ta fi ta, har Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a fiye da sau hamsin kan soke ta ko rage ta. Da mulki ya zo hannunsu a Janairun 2017, sai tambayar da ake ta kauce wa ta tsaya a gaba: wanne za a fara, sokewa ko kawo madadi?

Ra'ayinmu a wannan shiri shi ne dole madadin ya zo cikin doka ɗaya da sokewar, a rana ɗaya, da ƙuri'a ɗaya. Kuma ba sai mutum yana ƙaunar Obamacare zai yarda da haka ba. Sanata Rand Paul, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa tsanar dokar, haka ya ce a farkon watan Janairun 2017. Shi ma Donald Trump a lokacin cewa ya yi za a yi su kusan tare, kafin ya sauya baki a ƙarshen watan Yuni ya ce idan an kasa daidaitawa a soke kawai, madadi ya biyo baya.

Dalili na farko lissafin ƙuri'a ne. A Majalisar Dattawan Amurka yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60 suke wucewa, amma akwai wata ƙofa ta musamman ta harkar kasafin kuɗi da ƙuri'a 51 ta wadatar. A 2017 'yan Republican na da kujera 52. Ta wannan ƙofa za su iya janye tallafi, su cire tara, su datse kuɗin Medicaid, tunda duk maganar kuɗi ce. Amma ƙa'idojin da aka ɗora wa kamfanoni, irin hana korar mai tsohon ciwo, ba sa bi ta nan, haka ma yawancin abin da za a rubuta a sabuwar doka. Ashe ke nan rushewa na hannunsu, ginawa kuwa sai da sanatocin Democrat takwas, waɗanda aka gama rusa musu aikin da suke alfahari da shi. Wanda ya ce a soke yau a kawo madadi gobe, alkawari yake yi da ƙuri'un da ba nasa ba.

Dalili na biyu yana cikin yadda aka gina dokar kanta. Kamar murhu take mai duwatsu uku: dole kamfani ya karɓi kowa, dole kowa ya shiga, gwamnati kuma ta taimaki wanda kuɗin ya fi ƙarfinsa. Cire biyu ka bar ɗaya, tukunya ta kife. Kuma Amurka ta taɓa gwada hakan, ba hasashe ba ne. Jihar Washington, can arewa maso yamma, ta yi irin wannan doka a 1993. A 1995 sabuwar majalisar jihar ta soke wajabcin shiga tun kafin ya fara aiki, amma ta bar wa kamfanoni wajabcin karɓar kowa. Wata jaridar birnin Seattle ta ba da labarin wata mata da ta sayi inshora 'yan watanni kafin ta haihu, kamfani ya biya kuɗin asibiti, ta soke inshorar, har ta aika musu da saƙon cewa sai ta sake samun ciki za su kuma yin ciniki. Ta kuwa cika alkawari, shekara na zagayowa ta dawo. Abin da ta biya bai kai dala 2,000 ba, kamfanin ya kashe sama da 7,000. Ba za mu ga laifinta ba, doka ce ta buɗe ƙofa ta shiga. Amma idan kowa sai ya ji ciwo yake zuwa, masu lafiya suna gida, to marasa lafiya ne kaɗai za su rage a asusun, kuɗin wata-wata ya tashi, wasu masu lafiyar su ƙara ficewa, ya sake tashi. Zuwa 1999 manyan kamfanonin jihar sun daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane sabuwar inshora, ko da kuɗinka a hannu. Irin wannan ne Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisar Amurka ya hango a rahotonsa na Janairun 2017 kan sokewa ba madadi: ƙarin mutum miliyan 18 za su rasa inshora a shekarar farko, miliyan 32 zuwa 2026, kuɗin inshorar ɗaiɗaiku kuma ya ninka.

To, masu cewa a soke tukuna suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ai ba nan take sokewar za ta fara aiki ba, za a ba da wa'adin shekara biyu, kuma majalisa ba ta motsi sai ta ga wa'adi ya ƙarato. Gaskiya ne 'yan siyasa ba sa tashi sai wuta ta kama. Sai dai tarihin majalisar Amurka bai goyi bayan wannan fata ba. A 2011 an kafa kwamitin mutum goma sha biyu ya nemo hanyar rage giɓin kasafi, aka ce idan ya kasa, za a zabge dala tiriliyan 1.2 daga ma'aikatu ba sani ba sabo, har da na soja. An tsara zabgewar ta yi muni ne da gangan don kowa ya ji tsoro ya sasanta. Kwamitin ya watse ba yarjejeniya, zabgewar ta fara aiki a watan Maris na 2013. Ga kuma wata ƙa'ida ta 1997 da za ta rage kuɗin da ake biyan likitocin shirin Medicare na tsofaffi: sau goma sha bakwai majalisa tana ɗage wa'adin, sai a 2015 ta warware matsalar. Wa'adi dai ko ya faɗo a kan jama'a, ko a yi ta tura shi gaba. Ban da haka, kamfanin inshora ba ya jiran ranar wa'adi. Tun tsakiyar bana yake tsayar da farashin baɗi, kuma kamfanin da aka gaya masa kasuwa za ta tashi nan da shekara biyu, me zai zauna yi? Tun kafin wannan rigima wasu manya irin su Aetna da Humana da UnitedHealth sun fara janye jiki.

Wannan ya kawo mu hujjarsu ta biyu, wadda ta fi nauyi: cewa dokar da kanta take mutuwa, jinkiri ma zalunci ne. Akwai ƙamshin gaskiya. A 2017 farashin inshorar da ake auna sauran da ita ya tashi da kusan kashi 25 cikin ɗari a jihohin da ke amfani da kasuwar gwamnatin tarayya, a Arizona ya ninka har da ɗoriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gundumomin ƙasar kamfani ɗaya tak ya rage musu. Mai ƙaramin shago ko manomin da samunsa ya ɗan haura layin tallafi shi ya sha wannan wahala, kuma duk wanda ya raina kukansa bai yi adalci ba. Amma wannan hujja ce ta a hanzarta kawo madadi. Sokewa ba za ta dawo wa manomin Arizona da kamfani ko ɗaya ba, sai dai ta kori wanda ya rage. Kuma miliyoyin da suka shiga ta Medicaid ba su da hannu a matsalar wannan kasuwa, amma da su za a haɗa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda sanatocin da kansu suka nuna sun san haka. A Disambar 2015 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin sokewa mai wa'adin shekara biyu, kowa na sane Obama zai hau kujerar naƙi, ya kuwa hau a Janairun 2016. Ranar 26 ga Yuli, 2017 aka dawo da kusan wannan ƙudiri, a lokacin da akwai shugaban da zai sa hannu. Ya faɗi, 45 da 55. 'Yan Republican bakwai suka ƙi, kuma shida daga cikinsu sun ba shi ƙuri'a a 2015. Matsalar 'yan Republican ba ta jadawali ba ce tun asali. Wasu a cikinsu so suke gwamnati ta tsame hannunta gaba ɗaya, a wurinsu sokewar ita ce madadin, kuma mai wannan ra'ayi da ya fito ya faɗa ya fi mai fakewa da wa'adi gaskiya. Wasu kuma jihohinsu, irin su Ohio da West Virginia da Nevada, sun karɓi faɗaɗa Medicaid, ba za su iya komawa gida su ce an karɓe ba. Madadin da Majalisar Wakilai ta amince da shi ranar 4 ga Mayu, da ƙuri'a 217 da 213, an ƙiyasta zai bar ƙarin mutum miliyan 23 ba inshora.

Lokaci na neman ƙure mana, amma akwai hujja guda da ba za mu tsallake ba. A Disambar 2017 an mai da tarar nan sifiri cikin dokar haraji, daga 2019, kuma kasuwa ba ta rushe ba. Masu hasashe sun kambama ƙarfin tarar, wannan haka yake. Sai dai a lokacin tallafin yana nan bai motsa ba, an ma ƙara shi a 2021, har masu rajista suka haura miliyan 20 a 2024. Ƙudirin 2015 kuwa da tallafin da faɗaɗa Medicaid duk zai tafi da su.

Haɗa sokewa da madadi ba baƙon abu ba ne: a Najeriya, dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta watan Mayun 2022 ita ce ta soke tsohuwar dokar NHIS ta kuma kafa sabon tsari a takarda ɗaya, ko da yake aiwatarwa wata magana ce daban. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta yi watsi da wata ƙarar neman rusa Obamacare a 2021, kuma a muhawarar Satumbar 2024 da Kamala Harris, da aka tambayi Trump ko yana da tsarin da zai maye gurbinta, cewa ya yi yana da wasu tunane-tunane a kan tsarin.