Sauya Tayil A Bangon Banɗaki

Idan maigida ya ƙwanƙwasa tayil ɗin banɗakinsa ya ji amo kamar na ganga, to, siminti ya riga ya saki, ruwa kuma na iya samun hanyar shiga bango. Jinkiri hasara ne, domin danshin kan ɓulla har ɗakin da ke kusa.

Ƙwararren magini kan fara gano inda bututun ruwa ya bi, don kuwa bugun guduma ɗaya na iya huda shi. Sa'an nan ya kankare farin simintin da ke tsakani, ya fasa tsohon tayil daga tsakiya. Sabon kuwa, in na yumɓu ne, sai an jiƙa shi tukuna. Busasshe yakan zuƙe ruwan kwaɓin, ya sake faɗowa.