Tsarin Shirye-shiryen Yau da Kullum a Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, 1962 zuwa 1978

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa a wannan zamani ya saba da ganin talabijin yana aiki dare da rana, ga tashoshi barkatai, wasunsu ma da Hausa zalla suke magana. Da wuya irin wannan mutum ya gaskata cewa an yi lokacin da tashar talabijin ɗaya ce tak a duk faɗin Jihar Arewa, ita ma ba ta buɗewa sai rana ta yi sanyi, kuma kafin dare ya raba ta rufe. Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda ake tsara shirye-shiryen yini guda a gidan rediyo da talabijin na Kaduna a farkon al'amari, domin mu ga dalilin da ya sa rediyo ya shiga jinin Bahaushe nan da nan, shi kuwa talabijin ya daɗe yana baƙunta. Jerin shirye-shiryen kowace tasha yakan nuna mutanen da ta ɗauka su ne nata, da harshen da take zaton suna ji, da kuma yadda suke raba yininsu. Saboda haka akwai abin nazari a cikinsa ga ɗalibin Hausa.

Taƙaitaccen Tarihi

Rediyo ya riga talabijin zuwa ƙasar Hausa da kusan shekara ashirin. A 1944 Turawan mulki suka buɗe rediyon waya a Kano, watau wanda ake jawo waya daga tasha zuwa wani ɗan akwati da ake kafawa a gida ana biyan haya. Aka kuma kafa manyan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, kamar ƙofar fada da kasuwa, don wanda ba shi da halin haya shi ma ya ji. A 1951 aka kafa ma'aikatar rediyo ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta zama hukuma mai zaman kanta a 1957. A cikin watan Maris na wannan shekara ta 1957 ne kuma BBC ta fara watsa shiri da Hausa daga Landan.

Tsarin mulki na 1954 ya bai wa kowace jiha ikon kafa gidan watsa labarai nata. Jihar Yamma ce ta fara cin moriyar wannan dama, inda gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959. Jihar Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960. Gwamnatin Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta ga cewa muryar da ke fitowa daga Ikko ba ta faɗar abin da ke ran mutanen Arewa, sai ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN. A cikin Maris na 1962 ya fara aiki a Kaduna, rediyo da talabijin a ƙarƙashin inuwa guda, daga baya aka kai hoton Zariya da Kano.

Ko da yake uwa ɗaya ta haife su, tun ran fari rabonsu ya bambanta. Muryar rediyo a kan gajeren zango takan hau sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa ake kama Kaduna a kan mita 49 har a Nijar da Kamaru da Cadi da zangunan Gana. Hoton talabijin kuwa a miƙe yake tafiya, ba ya wuce 'yan milamilai daga turken da ke watsa shi. Bugu da ƙari, a shekarun 1960 ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha ya bazu, har manomi yana iya rataya shi a kafaɗa ya tafi gona. Akwatin talabijin kuwa sai da lantarki, ga tsada, don haka bai wuce gidajen Turawa da manyan ma'aikata da attajirai ba. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da za mu gani a jerin shirye-shiryensu.

Yinin Rediyo

Bahaushe ba da agogo ya saba auna yininsa ba. Yana da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da magariba da lisha, kuma kowane lokaci da irin aikinsa. Hikimar masu tsara shirye-shiryen Rediyon Kaduna ita ce da suka ɗora agogon Bature a kan wannan tsohon tsari, har mai sauraro bai ji an sauya masa komai ba.

Da asuba ake buɗe tasha, a fara da karatun Alƙur'ani mai girma, sa'an nan labaran duniya su biyo baya, a daidai lokacin da magidanta suka dawo daga masallaci suna jiran koko. Idan hantsi ya yi, maza sun fita nema, sai tasha ta juya ga waɗanda suka rage a gida. A nan ake sa shirye-shiryen mata, na renon yara da tsabta da girki, da kuma darussan da ake watsa wa makarantu. Wannan fili yana da muhimmanci ƙwarai, domin matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kallon majigi a dandali, ba ta kuma karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo in ba ta yi boko ko yaƙi da jahilci ba, amma rediyo yana iske ta har tsakar gida tana daka.

Daga azahar zuwa la'asar lokacin hutawa ne da kaɗe-kaɗe. Makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, waɗanda a da sai mai biki ko basarake ya gayyace su ake jin su, sai ga su a rumfar tela da shagon mai gyaran keke. Shirin da ya fi kowane jan jama'a shi ne Zaɓi Sonka, inda mai sauraro kan aiko da kati ya zaɓi waƙa, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai yana gaishe su. Wanda bai san halin Bahaushe ba zai ce ɓata lokaci ne a yi ta karanta sunaye. Amma gaisuwa da sada zumunci manyan abubuwa ne a wurinmu, kuma ɗan ci-rani da ke Kumasi ko Ikko ba shi da wata hanya mai sauri ta sanar da gida cewa yana nan lafiya. Har ƙungiyoyin masu sauraro aka kakkafa a garuruwa saboda wannan shiri, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama aminai.

Bayan magariba, sa'ad da iyali suka taru, sai a kawo shirye-shirye masu nauyi: sharhi a kan labarai, da bayanin malaman gona, da shirin tattara labaran ƙasa irin su Jakar Magori, da wasan kwaikwayo. Akwai kuma filaye na Fulatanci da Barbarci da Nufanci, domin Arewa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ranar Juma'a da Lahadi sukan sami nasu shirye-shirye na addini. Da azumi kuwa tsarin duka yakan sauya saboda tafsiri, musamman tun daga ƙarshen shekarun 1960 da aka fara watsa karatun Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello.

Irin amincewar da jama'a suka yi wa wannan gida ta sa duk mai son Arewa ta ji shi sai ya bi ta nan. Ranar 15 ga Janairu, 1966, bayan an kashe Sardauna, a Rediyon Kaduna Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa. Haka kuma a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ta nan iyalan sojoji suke jin labarin bakin daga, ta nan kuma ake watsa waƙoƙin ƙarfafa gwiwa da mawaƙa suka yi.

Maraicen Talabijin

Shi talabijin ba shi da yini, maraice kawai gare shi. Kafin a buɗe, abin da ake gani a allon shi ne wani zane mai da'ira da layuka wanda injiniyoyi ke daidaita hoto da shi. Idan lokaci ya yi sai a sa taken ƙasa, mai gabatarwa ya fito ya karanta jerin abin da za a gani. Akan fara da shirin yara, sa'an nan labarai, sai tattaunawa ko kiɗa, a rufe da fim, a sake sa taken ƙasa, allo ya koma yayyafi. Hoton duka fari da baƙi ne. Sai a 1975 tashar Jos ta jihar Binuwai da Filato ta fara watsa hoto mai launi a Nijeriya.

Dalilan gajartar lokacin a fili suke. Masu akwatunan ma'aikata ne, suna ofis tun safe. Sa'an nan cika sa'a guda a talabijin ya fi cika ta a rediyo tsada nesa ba kusa ba. Mutum ɗaya da makirfo da faifan garmaho ya isa ya riƙe rediyo. Talabijin kuwa sai da masu ɗaukar hoto da masu fitila da masu shirya ɗaki. Na'urar naɗar hoto a kan tef sabuwa ce a lokacin, mai tsadar gaske, saboda haka yawancin shirin gida kai tsaye ake watsa shi, in an yi kuskure kowa ya gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayo tsofaffin finafinai daga Amurka da Ingila, na kaboyi da na 'yan sanda da na ban dariya, waɗanda kuɗinsu bai kai na shirya wasa guda a gida ba. Ta haka Turanci ya mamaye allon, Hausa ta sami ɗan gurbi na labarai da kiɗan gargajiya.

Duk da haka talaka bai rasa kallo ɗungum ba. Gidan da ke da akwati yakan zama dandalin unguwa, yara su cika tsakar gida, wasu su leƙa ta taga. Ba sa jin abin da kaboyi ke faɗa, amma suna gane jarumi da mugu, wanda ya ɗan taɓa boko kuma ya zama tafinta. Yawan akwatunan bai ƙaru sosai ba sai da kuɗin man fetur ya shigo, musamman bayan ƙarin albashi na Udoji da aka biya ma'aikata a 1975.

Gudummawar Wasan Kwaikwayo

Abin da ya mai da talabijin ɗan gida shi ne wasan kwaikwayo, shi kuwa a rediyo ya yi ƙuruciyarsa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, an ji su a rediyo kafin a san su a littafi. Haka ma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. A rediyo 'yan wasa suka koyi yadda ake gina hali da murya kaɗai, da karin harshe da salon magana, har mai sauraro ya bambance malami da ɗan kasuwa da tsohuwa ba tare da ya gan su ba.

Da waɗannan gwanaye suka hau allo a shekarun 1970, sun zo da jama'arsu. Misali mafi shahara shi ne Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya yi aikin soja, ya kuma kawo Hausar bariki da rayuwar bariki a daidai lokacin da yaƙi ya sa kusan kowace unguwa tana da ɗa a soja. Ƙasimu Yero shi ma ya yi suna da Karambana. Daga nan mutane suka fara sanin ranakun mako da wasan da za a nuna, suna gaggauta cin tuwo don kada a fara ba su.

A 1977 gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin na ƙasa duka a ƙarƙashin hukumar NTA, a 1978 kuma Rediyon Kaduna ya shiga cikin Rediyon Tarayya. Tagwayen suka rabu, aka kuma ware wa Ikko wasu sa'o'i mafiya daraja, kamar ƙarfe tara na dare da ake haɗa tashoshi duka don labaran ƙasa da Turanci.

Tasiri a Kan Harshe

Mai fassara labarai yana da 'yan sa'o'i ne kawai ya samo wa sabon abu suna, kuma abin da ya faɗa yau gobe yana bakin dubban mutane. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da juyin mulki, da yajin aiki, da tauraron ɗan'adam, da jirgi mai saukar ungulu, ta hanyar maimaitawar yau da kullum a labarai suka zauna daram, har mai magana ya manta cewa ƙirƙirar su aka yi. Haka kuma jin murya guda kullum daga Sakkwato har Adamawa ya sa kunnen jama'a ya saba da daidaitacciyar Hausa, ya kuma koyar da ita ga dubban waɗanda ba harshensu na gado ba ne. Makaranta da jarida sun yi nasu ƙoƙari, amma waɗanda suka iya karatu kaɗai suka isa gare su.

Kammalawa

Mun ga cewa rediyo ya karɓu domin ya bi yinin Bahaushe, ya yi masa magana da harshensa, ya kuma ba shi fili ya ji sunansa. Talabijin bai sami gindin zama ba sai da ya ari waɗannan abubuwa. Tashoshi masu zaman kansu da aka ba dama tun 1992, da masana'antar finafinan Hausa, a kan wannan harsashi suka yi gini.

Sai dai akwai abin damuwa. Shirin da aka watsa kai tsaye ya tafi da iska, wanda aka naɗa kuwa sau da yawa akan goge tef ɗin a sake amfani da shi saboda tsada. Mutanen da suka yi aikin ma suna ta ƙarewa: Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Ya kamata ɗaliban wannan sashe masu neman abin da za su rubuta kundi a kansa su waiwayi wannan fage, su bi tsofaffin jaridu su tattara jerin shirye-shirye, su nemi tsofaffin ma'aikata da masu sauraro su naɗi bayaninsu tun suna raye. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon adana abin da suka bari.