Gangamau da Ciwon Damuwa: Abin da Gwajin Ɓeraye Ya Nuna

Ɓera ba ya faɗin baƙin cikinsa, saboda haka sai masana su auna shi ta halinsa. A 1987 Paul Willner da abokan aikinsa a Ingila suka tsara wata hanya. Akan dami ɓeraye makonni da ƙananan wahaloli, watau a jiƙa musu shimfiɗa, a karkata keji, a bar fitila kunne dare farai. Daga bisani sai su rage shan ruwan sukari, alhali kuwa da suna sonsa ƙwarai. Wannan rashin jin daɗi shi ne ake ɗauka kamar alamar ciwon damuwa ga ɗan Adam.

Tun wajen 2005 masana a ƙasar Sin suka shiga gwada kurkumin, sinadarin da ke sa gangamau rawaya. Ɓerayen da aka ba shi suka koma shan zaƙi, sinadarin tashin hankali da ke jininsu kuma ya ragu.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Har wa yau kurkumin kaɗan ne ke ratsa hanji ya shiga jini, hanta kuwa tana saurin rushe shi. Don haka gwajin ya nuna inda za a bincika ne, bai ba majiyyaci izinin barin maganin likita ba.